Wasiƙa: Tsohuwar tashar jirgin ƙasa ta Madina ta zama gidan tarihi, namu fa?

Malam Edita,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa da fatan alheri gare ka da sauran ma'aikatan wannan jarida, ina roƙon ɗan fili in faɗi wata magana da ta tsaya mini a rai tun da na dawo daga Umra bara. Ni tsohon malamin firamare ne, shekara 35 na yi ina riƙe da alli kafin in yi ritaya. Amma yau ɗan ma'aikacin reluwe ne yake rubuto maka, wanda aka haifa a kwatas ɗin wata ƙaramar tasha a kan layin Kano zuwa Nguru, ya buɗe ido da kukan jirgin gawayi a kunnensa.

'Ya'yana ne suka haɗa kuɗi suka biya mini tafiyar, Allah ya yi musu albarka. A kwana na huɗu da saukarmu Madina, bayan la'asar, wani saurayi daga cikin Hausawan da aka haifa a can, wanda yake kai mu wuraren ziyara a motarsa, ya bi da mu ta unguwar Anbariyya. Sai na hango wani masallaci na baƙin dutse mai hasumiya biyu sirara, irin ginin Turkawa. Daura da shi ga wani dogon gini mai bene, ƙofofinsa masu baka a jere, da faffaɗan fili a bayansa. Kafin yaron ya buɗe baki na ce masa, "Ɗana, wannan ai tasha ce." Ya waiwayo ya ce, "Baba, ka taɓa zuwa nan ne?" Na ce ban taɓa ba, amma wanda ya girma a tasha ko cikin duhu ya gan ta zai shaida ta. Ya ce lallai tasha ce, tashar jirgin Hijaz, kuma yanzu gidan tarihi ce, ana shiga. Na roƙe shi ya dawo da ni washegari ni kaɗai, don abokan tafiyata hankalinsu yana kan kasuwar dabino.

Ga waɗanda ba su san labarin wannan layi ba, Sarkin Daular Usmaniyya ta Turkiyya, Sultan Abdulhamid na Biyu, shi ya sa aka fara shimfiɗa shi a 1900 daga birnin Dimashƙa na ƙasar Sham. Jirgin farko ya shigo Madina a 1908, bayan an ratsa kimanin kilomita 1,300, yawancinsu duwatsu da rairayi inda ruwan sha ma sai an ɗauko shi daga nesa. Wani babban kaso na kuɗin aikin gudummawa ce da Musulmi suka tattara daga ƙasashe daban-daban, har daga Indiya da Masar. Tafiyar da ayarin raƙuman alhazai ke yi a kwana arba'in ta koma 'yan kwanaki kaɗan. An yi niyyar a kai shi Makka, Allah bai nufa ba. Yaƙin Duniya na Ɗaya ya ɓarke a 1914, daga 1916 aka shiga fasa gadoji da tumɓuke dogo a cikin hamada, kuma a shekarun 1920 jirgi ya daina zuwa Madina gaba ɗaya. Ka lura da wannan, Malam Edita, don a kansa maganata ta ginu: duk rayuwar wannan jirgi a Madina ba ta kai shekara ashirin ba.

Duk da haka ba su bar tashar ta rushe ba. An gyara ginin, an mai da ɗakunansa zauruka da ke ba da tarihin Madina tun kafin Musulunci har zuwa wannan zamani, da tsofaffin hotuna da rubuce-rubucen hannu da tsabar kuɗi da tukwane. A bayan ginin kuma an bar filin tasha a matsayinsa, ga dogo a shimfiɗe, ga taragu an goge su an shafa musu fenti, ga rumfar gyara da kawunan jirgi a ciki. A cikin harabar ma akwai wani ɗan ƙaramin masallaci mai suna Suƙya, wurin da aka ruwaito Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya tsaya ya yi salla ya kuma duba rundunarsa a kan hanyarsu ta fita Badar. Na yi nafila a nan, sannan na koma wajen kawunan jirgin na tsaya tsawon lokacin da ni kaina ban san adadinsa ba.

Abin da ya riƙe ni shi ne kamanni. Murfin tukunyar wuta, da shebur ɗin zuba gawayi, da sandar jan usur, duk irin waɗanda na sani ne tun ina ɗan shekara bakwai. Na sunkuya na auna faɗin dogon da tafin hannuna yadda mahaifina yake yi. Nasu milimita 1,050 ne, namu na da kuwa ƙafa uku da inci shida, wato milimita 1,067. Bambancin bai kai kaurin babban yatsa ba. Ina nan a durƙushe sai ga wasu 'yan makaranta su kusan talatin da malaminsu, yana nuna musu inda mai hura wuta ke tsayawa, yana tambayarsu me ya sa jirgi ke buƙatar ruwa, suna ɗaga hannu suna rige-rigen amsawa. Hawaye ya zubo mini. Shekara 35 ina koya wa yara cewa jirgin ƙasa ya iso Kano a 1911, ban taɓa samun wurin da zan kai su in ce ga abin nan, ku taɓa da hannunku ba. A allo nake zana musu shi da alli, ni da aka haifa taku hamsin daga bakin dogo.

Kuma kada wani ya ce don ba su da sabon jirgi ne suka rungumi tsohon. Daga Madina zuwa Makka a jirgin Haramaini muka tafi, wanda aka buɗe a 2018, mai gudu har kilomita 300 a awa, tafiyar kilomita wajen 450 cikin awa biyu da 'yan mintoci. Sabuwar tashar tana can wani gefen gari tana aikinta, tsohuwar tana nan kusa da Harami tana nata.

To mu dawo gida. An fara aikin layin Baro zuwa Kano a 1907, zamanin Gwamnan Arewa Girouard. Ta Kogin Kwara ake kawo ƙarafa da kayan aiki a jirgin ruwa a sauke su a Baro, daga nan aka ja dogo kimanin mil 350 ta Minna da Kaduna da Zariya har Kano. Daga baya aka haɗa shi da wanda ya taso daga Ikko ta Ibadan da Jebba. Aka ja wani siriri daga Zariya ya hau dutsen Jos don kwasar kuza, wanda aka rufe a 1957. Reshen Zariya zuwa Gusau ya kai Ƙaura Namoda a 1929, namu na Nguru ya kammala a 1930, na Borno kuma da ya bi ta Bauci da Gombe ya isa Maiduguri a 1964. Wato akwai garuruwan da jirgi ya yi shekara sittin, saba'in, har tamanin yana ciyar da su, ninkin-ba-ninkin abin da jirgin Hijaz ya yi a Madina. Kaduna kanta ba don dogo ba da ba a ɗauke hedkwatar Arewa daga Zungeru an kawo ta can ba. Kafanchan, Minna, Funtuwa, Gusau, Malam Madori, Nguru, ka cire jirgi daga tarihinsu ka ga abin da zai rage.

Ko dalar gyaɗar da muke tinƙaho da ita a hotuna, 'yar jirgi ce. Turawa auduga suka sa rai za su kwasa da suka kawo dogo Kano, sai manoma da fatake suka duba farashi suka ga gyaɗa ta fi riba, kuma ko ba a saya ba ana ci. Tun kakar 1912 buhuna suka cika tashar Kano. Su Alhassan Ɗantata suka shiga harkar da ƙarfinsu. Dalar ta tashi ne saboda gyaɗar da ake kawowa ta fi ƙarfin taragun da ke kwashe ta zuwa bakin teku, dole a jera buhuna a rufe su da tamfol su jira layi. Har gyaɗar Maraɗi da ta Damagaram ta nan take bi. Yaro nawa ne a yau zai iya ba ka wannan bayani? Suna ganin hoton dala a littafi kamar wani abin ado da aka gina don sha'awa.

Bari in ba ka labarin tasharmu, don a nan ne abin ya fi yi mini ciwo. Mahaifina, Allah ya jiƙansa, lebura ya fara a cikin gungun masu gyaran dogo, yana dakan tsakuwa a ƙarƙashin ƙarafan gicciye, waɗanda aka yi su da ƙarfe maimakon katako saboda gara. Daga baya aka ɗaga shi ya zama mai juya layi. Aikinsa shi ne ya tabbata jirgin da ke shigowa ya hau hanyar da aka ba shi, kada ya yi karo da wanda ke tsaye yana jira. Da rana tuta yake riƙewa, ja da kore. Da dare kuma fitila ce ta kananzir mai gilashi kala-kala, a murɗa ta nuna ja, a murɗa ta nuna kore. Kullum kafin magariba sai ya zauna a kan tabarma ya goge gilashin da tsumma, ya datse lagwani, ya cika mata mai. Ba ya yarda kowa ya taɓa ta. Ya kan ce mana rayukan mutum ɗari biyar suna rataye a wannan lagwani. Akwai kuma wani ƙarfe da ake sakawa a cikin babban zobe a miƙa wa direba jirgi na tafe, shi ne izinin shiga hanya zuwa tasha ta gaba. Muddin ba ya hannun direba, ko uban wa ya hau jirgin ba zai motsa ba. Yadda ake cafe wannan zobe ba tare da an tsaya ba shi ne abin da mu yara muka fi so mu kalla.

Ranar da jirgin fasinja zai zo kuwa gari ne ke tashi. Tun hantsi mata da 'yan mata sun jera farantai, masu dafaffen ƙwai, masu rogo da ƙuli, masu fura da nono, masu rake. Mahauta sun hura wutar tsire. 'Yan dako sun naɗe gammo. Kan jirgin ya tsaya a gindin tanki ya sha ruwa, iyayenmu mata su miƙa bokiti mai hura wuta ya tsiyaya musu ruwan zafi, mu kuma mu bi gefen dogo muna tsintar gutsattsarin gawayi. Daga gabas shanu ke gangarowa, da fatu da ƙiraga, da ƙaro, da kanwa, da busasshen nama da kifi na wajen Nguru. Daga kudu kuma goro ne da gishiri da kananzir da atamfa. Tashamasta ɗinmu mutumin kudu ne, mai buga waya daga wajen Binuwai, direbobi daga ko'ina. A kwatas ɗaya muka tashi da 'ya'yansu, muna cin tuwo a gidanmu mu ci teba a nasu, kuma duk da Hausa muke magana. Ranar Salla su shigo mana, ranar Kirsimeti a aiko mana da shinkafa. Da rikicin 1966 ya zo, ina da shekara tara, na ga mahaifina da abokan aikinsa sun kwana a tsaye a ƙofar kwatas har aka samu jirgin da ya tafi da maƙwabtanmu. Wasunsu sun dawo bayan yaƙi, wasu ba mu ƙara jin ɗuriyarsu ba. Wannan ma tarihin reluwe ne, kuma ba a rubuce yake a jikin kowane bango ba.

Daga nan abubuwa suka fara ja da baya. Jirgin dizal ya maye gurbin na gawayi, tankin ruwa ya bushe. Farin 1973 ya zo, cutar da ta kama gyaɗa a 1975 ta biyo baya, kuɗin man fetur ya ɗauke hankalin hukuma daga noma, aka shimfiɗa kwalta, tireloli suka karɓe dako. Jirgin da ke zuwa kullum ya koma jefi-jefi, har aka yi shekaru ba a jin kukansa.

Da na dawo daga Umra na ɗauki jikana muka je tashar. Ginin yana tsaye, don ginin da ne, amma rabin kwanon ya tafi. Ƙararrawar da ake bugawa idan jirgi ya baro tashar baya babu ita. Babban sikelin da ake auna buhuna babu shi, sai ramin da ya zauna a ciki. Agogon bango, akwatin tikiti mai ramuka-ramuka, na'urar buga waya, sandunan juya layin da mahaifina ya yi shekara ashirin yana ja, ko ɗaya ban tarar ba. A ɗakin ajiya na ga ragowar manyan littattafan da ake rubuta shigar jirgi da fitarsa, gara ta ci rabi, ruwan sama ya manne sauran. Na ɗaga wani shafi da ya tsira, ga rubutun alƙalami mai kyau, kwanan wata da lambar jirgi da adadin taragu. Wani dattijo da ke zaune a inuwar wurin ya ce mini, "Malam, ai 'yan jari-bola sun daɗe da gamawa da nan." Ban zo in ɗora wa wani laifi ba. Abin da ba shi da mai tsaro, kuma ba a nuna wa mutane darajarsa ba, a kilo za a sayar da shi. Jikana ya tambaye ni, "Kaka, a ina baban naka yake tsayawa?" Na nuna masa wani wuri da ciyawa ta rufe.

Don kada a ce na yi rashin adalci, na san akwai ɗan abin da aka yi. A gidan tarihi na Jos, wanda aka kafa a 1952, an ajiye wasu kawunan jirgi da taragu na siririn layin nan na Zariya zuwa Jos. A Ebute Metta ta Ikko akwai Gidan Jaekel, tsohon gidan manyan reluwe, da wata ƙungiya mai suna Legacy ta gyara ta zuba hotuna da kayan aiki a ciki. Madalla da su. Amma malamin firamare a Ringim ko Gagarawa ko Birniwa ba shi da kuɗin motar da zai kwashi yara zuwa Ikko. Kuma labarin da za a bayar a Ebute Metta ba shi ne na Ƙaura Namoda ba. Gidan tarihin da nake magana a kai na yanki ne, a cikin tashar da abin ya faru, inda yaro zai ji sunan garinsu, wataƙila ma ya ga hoton kakansa.

Na san abin da wasu za su ce, don an riga an faɗa mini a majalisarmu. Wani ya ce mutane na fama da abin da za su sa a baka, kai kana zancen tsohon ƙarfe. Gaskiya ne ana cikin matsi, ni ma ɗan fansho ne, na san farashin kwanon masara. Amma ban ce a gina sabon gini na biliyoyi ba. Ginin yana nan. Kwano ake bukata, da ƙofa mai kwaɗo, da fenti, da mai gadi, da mutum ɗaya mai amana da zai riƙe rajista. Kuma jira ba ya rage tsadar wannan aiki. Titin da ba a yi bana ba ana iya yin sa baɗi, amma ƙararrawar da aka narkar ta tafi ke nan, haka ma dattijon da aka binne da labarinsa.

Wani kuma, mai ilimi ne ƙwarai, ya ce wannan ai kayan Turawan mulkin mallaka ne, sun shimfiɗa dogo ne don su kwashe arzikinmu zuwa teku, me za mu adana a ciki? Ban musa masa ba. Duk wanda ya dubi taswira zai ga layukan daga gona da ramin ma'adini suka nufi tashar jiragen ruwa, ba a yi su don Bakano ya ziyarci Basakkwace ba. Amma wa ya haƙa ƙasar? Wa ya ɗauki ƙarafan a ka? Talakawanmu ne, da yawansu ba da son ransu ba, ta hannun hakimai da dagatai aka ɗebo su aikin tilas, suka bar gonakinsu, wasu ba su koma gida ba. Kakata ta wajen uwa har ta rasu tana ambaton wani wanta da aka ɗauka aikin dogo. Idan muka bar tashoshin suka rushe, ba Bature muka hukunta ba, shi nasa takardun suna can Ingila a adane. Sunan waɗannan bayin Allah ne zai ƙarasa ɓacewa. Gidan tarihin da nake fata sai ya faɗi wannan ɓaro-ɓaro a zauren farko, kafin a kai ga hoton gwamna da na injiniya. Ya kuma faɗi yadda ma'aikatan reluwe suka ja gaba a babban yajin aikin 1945 tare da jagoransu Michael Imoudu, suka tsai da jirage fiye da wata guda, abin da ya girgiza mulkin mallakar kansa.

Dalilin da ya sa nake ganin lokacin ya matso shi ne sabon dogo. An buɗe na Abuja zuwa Kaduna a 2016. A 2021 aka ƙaddamar da aikin Kaduna zuwa Kano, da na Kano zuwa Maraɗi ta Kazaure da Daura da Katsina da Jibiya. Ina murna da su, ina roƙon Allah ya nuna mini ranar da zan hau jirgi daga Kano in sauka Maraɗi. Sai dai sabon dogon faɗinsa milimita 1,435 ne, jirginsa ba ya hawa tsohon layi, kuma sababbin tashoshi ake gina masa, yadda aka yi a Rigasa. Ranar da ya fara aiki sosai, tsofaffin tashoshin da ke tsakiyar gari za su zama fili mai tsada da ido ke kai. Idan ba a riga an sa musu hannu an ce wannan ta tarihi ce ba, za mu wayi gari mu ga shaguna.

Saboda haka ina kira ga Hukumar Jiragen Ƙasa ta Nijeriya, wadda ita ke da waɗannan gine-gine tun kafa ta a 1955, da Hukumar Gidajen Tarihi ta Ƙasa, da gwamnatocin jihohinmu da masarautunmu, su zauna su zaɓi tasha ɗaya a fara da ita. In da za a tambaye ni, hankali zai ce Kano ko Zariya, saboda yawan makarantu, ga Gidan Makama a Kano da masanan da suka san aikin adana kaya, ga Jami'ar Ahmadu Bello da cibiyar koyon harkar sufuri a Zariya. Zuciyata kuwa Nguru take so, domin ita ma ƙarshen layi ce kamar Madina, inda dogo ya tsaya raƙumi da jaki suka karɓa. Amma ba zan yi jayayya a kan wuri ba. Duk inda aka zaɓa, a jawo kan jirgi ɗaya na gawayi da tarago biyu daga cikin waɗanda ke tsatsa a yadin reluwe, a rubuta bayani da Hausa da ajami da Turanci yadda tsohuwa da jikanta za su karanta tare, a sa kuɗin shiga kaɗan, 'yan makaranta kuma kyauta. 'Yan kasuwarmu da kakanninsu suka yi arziki a bakin tasha, wannan wuri ne da ya dace a ga hannunsu.

Akwai kuma aikin da ba ya jiran hukuma. Tsofaffin ma'aikatan reluwe suna ƙarewa. A unguwarmu saura mutum ɗaya da ya yi aiki da mahaifina, mai hura wuta ne a jirgin gawayi, yanzu ya haura tamanin da biyar, idonsa ya tafi amma ƙwaƙwalwarsa garau. Tun bayan dawowata, duk Juma'a bayan an sauko daga masallaci nake zuwa wurinsa da jikana, yaron ya kunna wayarsa ya ɗauki muryar dattijon. Dattijon ya lissafa mana tashoshi daga Kano har Nguru a jere bai tsallake ko ɗaya ba. Ya gaya mana yadda ake gane gawayin Inugu mai kyau da nauyinsa a shebur, da inda hawa yake a hanya har sai an ninka wuta, da waƙoƙin da leburori ke yi idan za su ɗaga ƙarfe tare. Mun tara awa goma sha ɗaya zuwa yanzu. Ɗaliban tarihi na jami'o'inmu da ke neman abin da za su yi bincike a kai, ga shi nan a zaurukan unguwanninsu, a Tudun Wada da Sabon Gari da duk wata tsohuwar kwatas.

Ni dai ga abin da ke hannuna. Fitilar mahaifina tana nan, gilashinta ja da kore ba su fashe ba. Akwai usur ɗinsa, da tutocinsa biyu, da bajon hularsa, da takardar sallamarsa daga aiki, da wani ɗan littafi da yake rubuta lokutan jirgi da ajami don bai yi boko ba. Shekara talatin suna cikin adakar mahaifiyata. Wani dillalin tsofaffin kaya ya taɓa yi mini tayin kuɗi a kan fitilar, na ce ba ta sayarwa ba ce. Na yi shawara da ƙannena, mun yarda za mu bayar da su duka kyauta ranar da aka buɗe wurin da zai karɓa, ya rubuta a rajista, ya ba mu shaida a takarda, ya kuma sa sunan mahaifinmu da aikinsa a gefensu. Na tabbata akwai gidaje da yawa daga Baro har Nguru da ke da irin wannan adaka.

Ina roƙonka, Malam Edita, idan wasu daga cikin masu karatu suka rubuto suna da kaya ko hotuna ko dattijon da ya kamata a ɗauki muryarsa, ka riƙa buga wasiƙunsu, mu san junanmu, mu san abin da ya rage da inda yake. Idan kuma akwai wakilinka da zai je ya ga tashar da na ambata da idonsa, a shirye nake in raka shi, in kai shi wurin dattijon nan ma ranar Juma'a.

Allah ya jiƙan magabatanmu, ya ƙara wa wannan jarida albarka.

Wassalam.

Naka,
Tsohon malamin makaranta, ɗan mai juya layi,
daga Kano.